Sayen Gida ko Fili a Gombe: Abin da Ya Wajaba Mai Sayarwa Ya Faɗa, da Mafitar Wanda Aka Ɓoye wa Aibi

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 garin yake ta faɗaɗa. Gonakin da ke bakin gari sun koma fulotai, daga Tumfure zuwa hanyar Dukku da hanyar Biu, rikicin ciniki kuma ya ƙaru daidai da yadda farashi ya tashi. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu saye suka fi yi, galibi bayan kuɗi ya riga ya bar hannu. Bayani ne na gaba ɗaya. Wanda rigima ke gabansa ya ɗauki takardunsa ya kai wa lauya ko malamin da ya san babin ciniki.

Malam, dole ne mai sayarwa ya faɗa mini aibin gida, ko ni ne zan buɗe ido?

Dokoki biyu ne ke tafiya tare a cinikin gida a wajenmu, kuma a wannan gaɓa ba bakinsu ɗaya ba.

A shari'ar Musulunci magana a fili take. Wanda ya san aibi a abin da yake sayarwa wajibi ne ya bayyana, an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Hadisin Hakim ɗan Hizam da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa masu ciniki idan suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa wa cinikinsu albarka, idan kuwa suka ɓoye suka yi ƙarya, za a shafe albarkar. Malaman Malikiyya, mazhabar da alƙalanmu ke bi, ba su bar abin a wa'azi kawai ba, sun ba mai saye haƙƙin mayar da kaya ko karɓar ragi. Sun kuma ce bai isa mai gida ya dunƙule magana ya ce "akwai 'yan gyare-gyare" ba. Sai ya nuna wurin, ya faɗi girman abin.

Dokar boko da muka gada daga Ingila ta fi sassauta wa mai sayarwa. A wajenta, duba lafiyar gini aikin mai saye ne, mai gida ba dole ne ya fara kawo maganar yoyo ko rima ba. Amma sassaucin yana da iyaka. Duk abin da ya taɓa mallaka kuma ba a ganinsa da ido, kamar jingina, ko haƙƙin wani a cikin filin, dole ne ya faɗa. Idan an tambaye shi ba shi da damar yin ƙarya, ko ya faɗi rabi ya haɗiye rabi. Idan kuma ya sa hannu ya rufe aibi don kada a gani, ya fita daga shiru ya shiga zamba.

Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne kada ka bar mai gida ya yi shiru. Shirunsa yana iya kuɓutar da shi a wata kotun, amma amsar da ya bayar aka rubuta ba ta kuɓutar da shi a ko'ina.

Wane aibi ne ake ƙirgawa a matsayin ɓoyayye?

Wanda mutum mai hankali ba zai gani ba idan ya zagaya gidan kamar yadda aka saba. Idan kwari yana gaban fili ƙuru-ƙuru, ka gani ka taya ka biya, ba ka da bakin magana daga baya. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Ɓoyayyen ya fi yawa a abin da damina ke tonawa. A watan Maris kowane gida lafiyayye ne. Ka shiga ɗaki ka tarar bango ɗaya ne kawai aka yi wa sabon fenti, daga ƙasa zuwa daidai gwiwa, sauran duk tsohon launi. Ka ɗora tafin hannu a wurin. Idan ka ji sanyi, ko ka ƙwanƙwasa ka ji filasta tana amsawa kamar akwai rami a bayanta, to ruwa yana kwana a ɗakin nan. Ka ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon ruwa mai launin shayi. Ka duba kusurwar taga da saman ƙofa, nan tsagewar da ta taso daga harsashi take fara nuna kanta, a karkace, ba a miƙe ba. Ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, sau da yawa ba laifin kafinta ba ne, ginin ne ya zauna.

A Gombe akwai ƙarin abu. Garin yana cikin kwari, ƙasarsa da yawa yashi ce mai saurin zaizayewa, har gwamnati ta sha neman tallafin Bankin Duniya don gyaran manyan kwaruruka. Wasu fulotan tsohuwar hanyar ruwa ce aka cike da ƙasa da shara aka daidaita. Da rani ba ka bambanta su da na kusa da su. Mai filin ya sani, maƙwabta ma sun sani. Saboda haka ka koma unguwar kai kaɗai, ba tare da dillali ba, ka zauna da mai shagon bakin layi ka tambaye shi ina ruwa ke bi a watan Agusta. Idan cinikin zai iya jira har a yi ruwa mai ƙarfi, ka jira.

Me ya kamata in tambaya, kuma ta yaya zan sa amsar ta zama hujja?

Takardun ciniki da yawa da ake rubutawa a zaure layi biyar ne: wane ya sayar wa wane, a kan kuɗi kaza, shaidu su sa hannu. Irin wannan takarda tana tabbatar da cewa ka biya, amma ba ta faɗin abin da aka ce maka kafin ka biya, alhali a nan rigimar take.

Ka sa a ƙara sakin layi da bakin mai sayarwa. Ya faɗi yadda aka yi wurin ya zo hannunsa, saye ne ko gado ko kyauta ko rabon gwamnati, da sunan wanda ya samu daga gare shi. Ya ce bai sayar wa kowa ba, bai jinginar ba, babu shari'a a kansa, babu magajin da ke da haƙƙi, gwamnati ba ta taɓa biyan diyyarsa ba. Ya faɗi ko ruwa yana shiga, ko an taɓa ɗinke tsagewa, ko akwai ɗan haya da ranar da kuɗinsa zai ƙare. A rubuta faɗi da tsawo da ƙafa, 50 a 100 ne ko ƙasa da haka, da sunan maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa. A rufe da cewa idan ɗaya daga cikin waɗannan ya zama ba haka ba, zai mayar da kuɗi tare da abin da aka kashe.

Mutum mai gaskiya ba ya jin nauyin sa hannu a kan wannan. Wanda ya fara cewa "haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" ya riga ya ba ka amsa. Kuɗin kuma a tura ta banki zuwa asusun mai wurin, ba na dillali ba, kuma gara a riƙe wani kaso har sai an gama bincike.

An rubuta mini "ya gani ya saya, babu dawowa". Shi ke nan na rasa haƙƙina?

A'a. Wannan magana tana aiki a kan abin da ke bayyane. Ba ta wanke wanda ya san aibi ya ɓoye, a shari'a ko a dokar boko, kuma ba ta halatta wa mutum sayar da abin da ba nasa ba.

Bayan na tare na gano tsagewa da aka rufe da filasta. Zan iya mayar da gidan in karɓi kuɗina?

Ya danganta da girman aibin. Malikiyya sun ware gida da fili daga sauran kaya, domin ba a mayar da gida kamar yadda ake mayar da riga. Sun kasa aibin gida uku. Akwai ƙanƙani da ba ya rage daraja, wannan ba a komai a kansa. Akwai matsakaici, kamar tsagewar bangon da ba a tsoron ta kayar da gidan, a nan gidan yana hannunka amma mai sayarwa zai biya ka gwargwadon abin da aibin ya rage. Sai babba, wanda ya ci kaso mai yawa na darajar gidan, malamai da yawa sun auna shi da sulusi, ko wanda ake tsoron rushewa saboda shi. A wannan kana da zaɓi, ka riƙe ko ka mayar ka karɓi kuɗinka.

Ga yadda ake lissafin ragin. A ce ka saya naira miliyan 12. Masana gini suka ce gidan ba aibi ya kai miliyan 10, da aibin kuma miliyan 9. Aibin ya ci kashi ɗaya cikin goma ke nan, sai a mayar maka da kashi ɗaya cikin goma na abin da ka biya, wato miliyan 1.2.

Sharaɗi biyu ne ke kayar da mutane. Na farko, sai ka tabbatar da cewa aibin ya girmi cinikin, shi ya sa ake buƙatar injiniya ko gogaggen magini ya duba tun kafin a taɓa wurin. Na biyu, kada ka yi abin da ke nuna ka yarda bayan ka gani. Idan ka gano aibin ka yi shiru, ka ci gaba da ɗora bene, ko ka sa gidan a kasuwa, za a ce ka yafe. Zama a cikin gidan yayin da ake shari'a ba ya cikin wannan. Kuɗin hayar da ka karɓa kafin a warware cinikin ma naka ne, tunda da gidan ya ƙone a lokacin asararka ce.

A Babbar Kotu hanyar ita ce ka nuna an faɗa maka abin da ba gaskiya ba, ko an rufe aibin da gangan, kuma a kan haka ka saya. Idan ka tabbatar, kotu na iya warware cinikin ko ta sa a biya ka diyya. Nan ma jinkiri yana cin haƙƙi. Ranar da ka gani, ka ɗauki hoto, ka kira shaidun cinikin su gani da idonsu, ka aika wa mai sayarwa a rubuce.

Ina da takardar mai unguwa da hatimin hakimi. Ba su isa ba?

Suna da amfani ƙwarai, domin mai unguwa ya fi kowa sanin tarihin fili, kuma takardar biya haɗe da shiga wurin tana ba ka haƙƙin da kotu ke kallo. Amma ba su ne takardar mallaka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne, wanda satifiket ke nunawa, yawanci na shekara 99. Sashe na 22 ya ce mai irin wannan haƙƙi ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ɓatacce ne. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Ana iya ƙulla ciniki kafin a samu amincewar, sai dai bai kammala ba sai ta fito. A doka mai sayarwa ne ke neman ta, ko da yake a aikace mai saye ne ke bin sawu, don haka a rubuta cewa zai sa hannu a duk takardar da ake buƙata.

Kafin biya, a kai lambar fayil ko lambar fuloti hukumar kula da bayanan filaye ta jiha, GOGIS, a yi bincike: sunan wa ke kai, akwai jingina, akwai bashin kuɗin ƙasa. Idan awon igiya ne, safiyo ya ɗauki awon wurin a duba ko ya faɗa cikin shatar gwamnati. Hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA, ita za ta gaya maka ko an ware wurin don hanya ko makaranta ko magudanar ruwa.

Yayanmu ya sayar da gidan mahaifinmu ba a raba gado ba, ni ban sani ba sai da mai saye ya zo. Ina matsayina, ina na mai sayen?

Hajiya, rabonki yana nan. Daga ranar rasuwa gidan ya zama na magada duka, kowa da kasonsa, mace da namiji, babba da jariri. Kasancewarsa babban wa bai ba shi ikon sayar da rabon kowa ba sai da wakilci. Cinikin da ya yi a kan rabonki yana rataye ne da yardarki, kin ga dama ki amince ki karɓi kuɗinki, kin ga dama ki ƙi.

Har a rabonsa shi kansa kina da magana, ita ce shufa'a. Wanda ke tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin karɓar kason da aka sayar wa bare, ya biya daidai kuɗin da baren ya biya. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, maƙwabci ba shi da shi, kuma wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa shi. Don haka kada kunya ta sa ki zauna.

Mai saye kuwa zai koma kan wanda ya sayar masa. Abin takaici ne yadda ake yawan mantawa da mata da ke gidan aure a wani gari da marayu ƙanana a irin wannan ciniki, sai bayan shekaru magana ta tashi. Duk mai sayen gidan gado ya nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kowane magaji ya sa hannu da kansa, rabon yara kuma a bi ta hannun alƙali. A yankunan da ake bin al'ada wajen filin dangi, kamar wasu sassan Kaltungo da Billiri, sai shugaban gida da manyan dangi sun haɗu a kan cinikin.

Na fara gini sai wani ya zo da takardu ya ce filinsa ne.

Ka dakatar da aikin tukuna, duk bulon da ka ƙara kana ƙara wa kanka asara ne. Mutum ba ya ba da abin da bai mallaka ba, saboda haka idan filin na mai zuwan ne, ko shi aka fara sayar wa, takardarka ba za ta tsayar da shi ba. Haƙƙinka yana wuyan wanda ya karɓi kuɗinka.

Ginin da ka riga ka yi fa? A nan ma dokokin biyu sun rabu. Malikiyya sun tausaya wa wanda ya gina bisa kyakkyawan zato: mai filin ya biya shi kuɗin ginin a tsaye, idan ya ƙi, mai ginin ya biya kuɗin filin, idan shi ma ya ƙi, su zama abokan tarayya gwargwadon darajar abin kowa. A dokar boko asali abin da aka kafa a ƙasa yana bin mai ƙasa, sai fa idan ya san ana gini ya zuba ido har aka yi nisa.

Gidan ashe yana jingine a banki, ko ana shari'a a kansa.

Bashin yana bin gidan, banki na iya sayar da shi ko kana ciki. Alamar farko ita ce mai gida ya kasa fito da satifiket na asali, sai kwafi da labarin gobara ko ɓata. Wanda ya sayi wurin da ake shari'a a kansa kuwa, hukuncin da aka yanke zai hau kansa. Duka biyun dalili ne na warware ciniki. Ɗan haya ma ba a fitar da shi don gida ya canja hannu, sai an ba shi notis, mai biyan shekara yawanci wata 6 idan yarjejeniyarsu ba ta faɗi wani abu dabam ba. Ka kuma duba mita da takardar wuta kafin ka karɓi makulli.

An shafa wa katangata jan fenti za a rushe. Wa zai biya ni?

Idan bayan ka saya ne gwamnati ta karɓi wurin don amfanin jama'a, sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba ta dama, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan gini da amfanin da ke kai, ba a kan farashin kasuwar fili ba. Mai sayarwa ba shi da laifi. Amma idan an riga an karɓe wurin an biya shi diyya, ya juyo ya sayar maka, ya sayar da abin da ya fita hannunsa, kuɗinka na kansa. Haka filin da ke ƙarƙashin babban layin wuta: layin 330kV yana da hurumin mita 50, na 132kV mita 30, ba a yarda a yi gini a ciki ba ko wa ya sa hannu a takarda.

Mun gama ciniki na ba da kafin alƙalami, sai ya ce ya fasa don wani ya ƙara kuɗi.

Idan ya ce ya sallama, an yanke farashi a gaban shaidu, ciniki ya ƙullu. Kotu na iya tilasta masa ya cika, musamman idan akwai rubutu kuma ragowar kuɗin na hannunka a shirye. Idan kai ne ka fasa, a Malikiyya ba a yarda da sharaɗin cinye kafin alƙalami ba, amma a dokar boko ana iya cinye kuɗin da aka ajiye don tabbatar da ciniki. A rubuta matsayin kuɗin tun ranar da aka bayar.

Ni mai sayarwa ne. Idan na faɗi aibin ai farashi zai faɗi.

Zai ragu, gaskiya ne. Amma ragin da za ka yi yau da yardarka ya fi sauƙi a kan wanda alƙali zai yanke maka bayan ka kashe kuɗin, ga la'adar da ta tafi, ga sunanka a bakin unguwa. Ka kama hannun mai saye ka kai shi bangon, ka sa a rubuta cewa an nuna masa ya yarda. Wannan layin kai yake karewa. Dillalin da ya san aibi ya rufe, ko ya yi rantsuwa a kan abin da bai sani ba, shi ma ana iya haɗawa da shi a ƙara.

Ina zan kai kuka, wurin 'yan sanda ko kotu?

Ka fara da shaidu da mai unguwa. Sau da yawa a nan ake yin iƙala, wato a warware cinikin da yardar juna kowa ya karɓi nasa, ko a daidaita a kan ragi. Abin da aka cimma a rubuta, da ranakun biya.

Idan zamba ce tsantsa, kamar takardar jabu ko sayar da fili ɗaya ga mutum uku, laifi ne, 'yan sanda da EFCC, wadda ke da ofishi a Gombe, suna da hurumi. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya da yaudara. Saɓanin ciniki zalla kuwa ba na caji ofis ba ne, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kansa, kuma ɗan sanda ba ya yanke wa ke da fili.

Rigimar mallakar filin da ke cikin birni ko mai satifiket ɗin gwamna ta Babbar Kotun Jiha ce, bisa sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa. Rabon gado tsakanin Musulmi na kotun alƙali ne, ɗaukaka ƙararsa kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Shigar da ƙara a kotun da ba ta da hurumi yana iya cinye maka shekaru a banza, don haka a tambayi lauya tun farko. Lokaci ma yana gudu: dokar jiha ta sa wa'adin shigar da ƙara, a Malikiyya kuma wanda yake gari yana kallo bare ya riƙe fili yana gini shekara 10 bai yi magana ba, ba a sauraron da'awarsa, tsakanin dangi ne ake tsawaitawa har 40. Ranar zuwa wurin lauya ka tafi da takardar ciniki, shaidar tura kuɗi, hotunan da ka ɗauka, saƙonnin da kuka yi ta waya, da lambobin shaidun da suka sa hannu.